Kaftanin Komawa Maraɗi

Ina cikin matsar man gyaɗa da hantsi, hannuwana duka biyu a cikin tunkuza, wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce ta ɗauka ta kara mini a kunne. Na ji muryar wata mace tana jan Hausa a hankali, kamar mai tafiya a kan duwatsu.

"Tanti Hajo? Ni ce Raki, ɗiyar Mamman na Abidjan. Papa ba shi da lafiya. Ya ce ki zo ki ɗauke shi, ki kai shi wurin Inna."

Na ce to. Ban tambaye ta ciwon me ba. Na ƙarasa matsar man, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba in na tsaya.

Tun da na dawo, a gidan suna, a kasuwa, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: Hajo, yaya Abidjan? Da gaske ne mata suna tuƙa mota? Kin ga teku? Sai in ce lafiya lau, in wuce. Yanzu na ga gara in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran.

Yaya Mamman shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Da ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne. Nakan tuna shi yana ɗaukar buhun gyaɗa a kafaɗa ɗaya, ni a ɗayar, ya bi da mu ta cikin kasuwa yana ce wa mutane duka na sayarwa ne, amma ƙaramar ta fi araha. Ya tafi ci-rani Abidjan ina da shekara goma, ya zauna can. Zuwansa na ƙarshe shi ne rasuwar babanmu, shekara goma sha takwas ke nan. Bayan haka idanun Inna suka mutu. Yanzu da hannu take gane mutane: ta shafa fuska, ta matsa damtse, ta ce wance kin yi ƙiba, ko wane wa ya hana ka abinci.

Da na gaya mata zan tafi, sai ta ce, "Ki kawo mini shi in taɓa."

Na haɗa kaya irin na mai zuwa jinya: man shanu a galan, kilishi, tukuɗi, garin gero na fura. A saninmu, wanda ya rame abinci yake so. Ban san akwai ramar da abinci ba ya mayarwa ba.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ba abin labari. A tashar Yamai na samu kujera kusa da wata mai fataucin albasa, Hajiya Balki, wadda ta ce ta yi wannan hanya fiye da yadda ta je gidan surukarta. Ita ta zama uwata a tafiyar. Ta dubi kayana ta ce, "Ke, Abidjan za ki ko yaƙi? Can ma ana cin abinci fa."

A iyakar Burkina aka ce kowa ya fito da katin allurar rigakafi. Ni ban taɓa jin labarinsa ba. Aka kai mu wata rumfa, mu shida, aka yi mana allura nan take. Hajiya Balki tana tsaye a ƙofa tana cewa, "Ku yi mata a hankali, ba ta taɓa fita gari ba." Wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya buɗe ƙullin tukuɗina, ya shinshina, ya dube ni da zargi. Na gutsura na ci a gabansa, na miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya sake ɗiba, ya kira abokinsa. Da ƙyar na tsira da rabi.

Mun kwana a tashar Wagadugu a kan tabarmi, mata gefe ɗaya, maza gefe ɗaya. Da safe na ga rana ta narkar da man shanu tun jiya, murfin galan ya saki, zanena biyu sun jiƙe sharkaf. Har Abidjan duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ce yana jin yunwa.

A lokacin ƙasar Kodebuwa tana rabe biyu, arewa da kudu. Shinge kan shinge. A sauka, a nuna takarda, a hau, kafin ki gyara zama an sake cewa a sauka. Na daina ƙirgawa bayan Buwake. Abin da na riƙe shi ne, da muka matsa kudu, ƙasa ta yi kore har ta ba ni tsoro, kuma zufa ta daina bushewa a jiki.

Da azahar ta kwana na uku muka shiga tashar Adjamé a Abidjan. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kowa yana sauri, ba mai sallama. Hajiya Balki ta riƙe hannuna har wata doguwar mace mai wando da ɗan ƙaramin kallabi ta tsaya a gabanmu tana duban fuskata.

"Tanti? Hancin Papa ne sak."

"Gwaggo ake cewa," in ji ni.

"Gwaggo," ta ce, ta rungume ni a tsakiyar tasha, abin da ba mu saba ba. Raki ke nan. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a wani kantin magani a Treichville. Uwarta Bajula ce, 'yar can ƙasar, ta rasu tuntuni, sai ita da babanta.

Mun shiga wata ƙaramar mota da suke kira gbaka, muka bi ta mahaɗar Indénié inda muka tsaya cik kusan awa guda, masu talla suna cusa mana kaya ta taga. Sannan muka sake mota, muka haye gada. Raki ta nuna mini ruwa, na ce teku ke nan? Ta yi dariya ta ce wannan ƙanensa ne.

Gidansu yana unguwar Arras, a wani bene mai ɗakuna da yawa, hawa na biyu. A ƙasa akwai mai walda, da mai gyaran rediyo, da tela. Na ƙirga matakalar daga baya: talatin da biyu.

Na shiga na yi sallama. Wani tsoho yana zaune a kan kujera da bargo a cinya. Na gaishe shi a ladabce, na waiga ina neman ɗakin da Yaya yake.

"Auta," in ji tsohon. "Warin man shanu kike tun daga ƙasa. A ciki kika yi wanka?"

Muryar ce kaɗai ba ta rame ba. Na durƙusa na kama hannunsa, yatsuna biyu suka zagaye wuyan hannun suka haɗu. Ban yi kuka a gabansa ba.

Ciwon daji ne a huhu. Raki ta ce ciwon yana cin naman jikin mutum ko da yana cin abinci. Ban yarda ba. Kwana uku ina dama fura, ina zuba man shanu a tuwo, ina yayyaga kilishi ƙanana. Yakan kurɓa biyu don ya faranta mini, ya ce, "Furar gida," ya ajiye.

Sana'arsa a Abidjan sayar da garba ce. Abinci ne na garin rogo da suke kira aceke, da soyayyen kifi da barkono. Mutanenmu ne suka fi sayar da shi, har abincin ya ɗauki sunan nan namu, Garba. Ni dai ya yi mini tsami, amma a can manyan ma'aikata da kwat suna layi a kai, suna ci da hannu a tsaye. Shekara talatin Yaya yana ɗauko kifi daga bakin ruwa a kansa tun asuba. Duk wanda ya zo duba shi, daga liman har masu tasi, sai ya ce, "Ina ma kin gan shi bara."

A kwana na huɗu na ce, "Yaya, yaushe za mu kama hanya?"

Ya ce wa Raki ta ɗauko kaftanin. Ta fito da shi daga cikin leda: shadda shuɗiya, da aiki a wuya. Shekara huɗu da suka wuce ya sa Malam Isufu, telan da ke ƙasa, mutumin Tawa, ya ɗinka masa don ranar komawa gida. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Ya sa muka taimaka masa ya zura. Ya tsaya a ciki kamar sanda a cikin buhu.

"Kin gani?" ya ce. "Inna ba ta gani, hannu za ta sa. Ta shafa nan ta ji me? Ƙashi? Shekara goma sha takwas tana ce wa mutane ɗanta ƙato ne."

"A rage rigar mana."

"Ba rigar ce ta yi yawa ba, Auta. Ni ne na yi kaɗan. Raki, gaya mata."

Raki ta ɗauko takardun da ta buga a shagon intanet. Ta ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa a ƙasar waje, ana kiran irinsa SARM, don mutanen da ciwo ko tsufa ya cinye musu tsoka da ƙashi. Ta ce ta rubuta wa masu yinsa wasiƙa da Turanci, wata ƙawarta ta gyara mata, tana roƙon su karɓi Papa ko su aiko. Amsa ake jira.

"Wata ɗaya kawai," in ji Yaya. "In cika rigar nan ko rabi, sai mu tafi."

Ranar Litinin muka kai shi asibiti. Likitansa matashi ne, jikan wani malamin allo na Treichville, Hausarsa irin ta Raki. Da Yaya ya shiga ɗakin awo, na tambayi likitan labarin maganin nan. Ya ce:

"Hajiya, a jikin namiji akwai wani sinadari da ke gina tsoka da ƙashi, shi ke fito da gemu, ya buɗe murya. Akwai tsofaffin magunguna masu kwaikwayonsa, amma suna shiga ko'ina a jiki, su gyara nan su ɓata can. Wannan sabon ana so ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoka da ƙashi kawai, ya bar sauran. Ana so ne. Har yanzu gwaji ake yi, ba a gama sanin amfaninsa da illarsa ba. Ba a sayar da shi a farmasi, ko a nan ko a can. Kuma ba ya kashe ciwon."

"To za su aiko?"

"Ban tsammani." Ya dubi Raki, ya faɗi wani abu da Faransanci, ta sunkuyar da kai. Sannan ya juyo gare ni. "In kuna son kai shi gida, wannan satin ne. Yanzu yana iya zama a mota. Ban san mako biyu masu zuwa ba."

Na ji wannan magana da kunnena, kuma na fahimce ta. Ina rubutawa don kada a ce Raki ce ta ja mu. Da muka koma gida Yaya ya tambaye ni me likita ya ce, na ce ya ce a yi haƙuri. Gaskiyar ita ce ni ma ina so in shiga Maraɗi da Yayan da na sani. Ina jin nauyin idon mutane, da abin da za a faɗa a zaure, cewa Mamman ya yi shekara talatin a Abidjan ya dawo a haka. Na ce wa kaina wata ɗaya ba komai ba ne.

Raki ta karanta masa cewa masu gwajin suna duba yadda mara lafiya yake hawa matakala. Daga ranar ya ɗauki abin kamar shirin kokawa. Kowace safiya sai ya sauka, ya zauna a bencin Malam Isufu ya huta, ya hau.

"Ga ɗan kokawa ya sauko!" in ji Malam Isufu, allura a baki. "Yau wa za ka kayar?"

"Kai zan fara da kai, ɗan Tawa. Ka ɗinka mini riga ta mutum biyu don ka cinye shaddata."

"Da na auna ka, mutum biyu ne kai. Ka kawo in rage."

"Ka taɓa ta in taɓa kekenka."

Waɗannan safiyoyin su na fi tunawa. Mai rediyo ya kawo shayi, Yaya ya yi ta tambayata mutanen da: wane yana nan? Bishiyar tsamiya ta ƙofar gidan Sarkin Fawa fa? Ana kiɗan kokawa bayan girbi har yanzu? Rabin waɗanda ya tambaya sun rasu. Wasu na faɗa masa, wasu na ce suna gaishe shi. Ya tuna mini ranar da na ɓata a kasuwa ya same ni ina barci a ƙarƙashin teburin mai goro. Ni na manta, shi bai manta ba.

A mako na biyu na yi wata wauta. Wata mata a benen ta ce mini a Adjamé babu maganin da ba a samu. Na tafi ni kaɗai, na ɓata sau biyu, har na isa inda mata suke zaune da faranti cike da ƙwayoyi kamar masu sayar da alewa. Na nuna wa ɗaya takardar Raki. Ko dubawa ba ta yi ba, ta ciro wata kwalba mai hoton ƙaton mutum ba riga, jijiyoyi duk a waje. Ta buga damtsenta ta ce, "Mem shoz, mama!" wato abu ɗaya ne. Na saya na ɓoye a zane, na kawo wa Raki ina murna.

Ta duba, ta dafa kai. "Gwaggo! Wannan na masu ɗaga ƙarfe ne. Tsohon irin nan ne da likita ya faɗa. Hantarsa zai ci."

Yaya ya karɓi kwalbar ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wannan ai da na kayar da shi." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya sa aka ajiye masa kwalbar a kan taga.

A farko yana hawa talatin da biyun da hutu ɗaya. Sai ya koma hutu uku. Wata ranar Juma'a ya ce zai je babban masallacin Treichville, aka kai shi a tasi, da aka dawo mai walda ne ya goyo shi zuwa sama. Bai sake sauka da ƙafarsa ba.

Amsar ta zo a mako na biyar. Raki ta shigo da la'asar da takarda a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta mana. Sun rubuta da ladabi. Sun ce suna yi masa fatan sauƙi, amma ba a yin gwajin a ƙasar da yake, kuma ba za su iya aika maganin da ba a gama gwadawa ba. Layi huɗu ne.

Yaya ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Sun kyauta da suka amsa." Sannan ya ce, "Auta, kai wa Isufu rigar ya rage. Mu tafi haka nan. Inna ta taɓa abin da ya saura."

Na sauka da kaftanin. Malam Isufu bai yi wasa ba ranar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce gobe da azahar. Raki ta je tasha ta kama mana kujeru uku na jibi, tana cewa za mu kwantar da shi a kan cinyoyinmu. Likita ya zo da kansa ya duba shi, ya fito baranda, bai ce komai game da tafiya ba.

Washegari da hantsi ina dama masa fura ya ce in buɗe taga. Ya tambaye ni ko an fara shuka a gida. Na ce sai an yi ruwa na biyu. Ya ce haka ne. Da na juyo da ƙwarya ya riga ya cika.

A gida da an yi masa sutura kafin azahar. A can sai da aka kai shi ɗakin ajiye gawa, aka nemi takardu, aka kwana. An yi masa salla a babban masallaci. Malam Isufu ya ce mini sahun ya fito har titi, masu garba na Treichville duka sun rufe rumfunansu. A Abidjan aka binne shi.

Ranar da zan taho na tsaya wurin Malam Isufu. Ya fito da kaftanin yana ba ni haƙuri. Ya farke gefe biyu, ya rage ɗaya ya ɗinke, yana shirin kama ɗayan aka sauko aka gaya masa. Kafaɗun bai taɓa su ba. Ya ce in ba shi awa ɗaya ya ƙarasa. Na ce ya ƙarasa a awon wa? Ya naɗe mini shi yadda yake.

Raki ta raka ni Adjamé. Ta ce, "Gwaggo, laifina ne." Na gaya mata abin da na ce wa Yaya ranar da muka dawo daga asibiti. Muka tsaya a jikin mota, kowa da nasa laifin, har direba ya yi hon. Ta ce za ta zo ganin Inna in ta samu hutu. Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai kujerar kusa da ni wani mai buhun goro ne a kai, kuma bai yi magana ba har Yamai.

Labarin rasuwar ya riga ni isowa. Na tarar da Inna a kan tabarmarta, mata sun kewaye ta. Da aka watse ta ce, "Me kika kawo mini?" Na ɗora mata kaftanin a cinya. Ta lalubo wuyan, ta bi aikin da yatsa, sannan ta auna kafaɗun da ɗani, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sake aunawa.

"Ashe bai rame ba," ta ce. "Alhamdu lillahi. Ni tsorona ya sha wahala."

Hannunta ya gangara ya sami inda yake a farke. Ta tambaya, na ce tela ne bai gama ba. Ta ce a kai wa na bakin kasuwa ya haɗe shi. Na ce to.

Wata uku ke nan. Kaftanin yana ƙarƙashin matashin Inna, gefe ɗaya a farke. Ban kai wa tela ba, kuma ban gaya mata dalilin da ya sa aka farke shi ba.